Fitila Tana Ci Amma Babu Haɗi: Yadda Ake Gano Matsalar Katin Sadarwa A Sabar

Ana saura kwanaki kaɗan a fara jarabawar JAMB, wani malami mai cibiyar koyon kwamfuta a kusa da Kwanar Dangora ya kira ni hankalinsa a tashe. Ɗalibai 40 sun biya kuɗin gwajin jarabawa, sun taso daga Kiru da Bebeji, wasu har daga Tudun Wada, amma ko kwamfuta ɗaya ta ƙi buɗe shafin tambayoyi. Na hau babur daga Ɗansoshiya, na tarar har ya cire sabar daga wuta, yana shirin kai ta titin Beirut a Kano.

Na ce, "Malam, a ba ni rabin awa kafin a ɗora ta a mota."

Tun 2015 JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, shi ya sa irin waɗannan wuraren gwaji suka yawaita. A ɗakin, kwamfutar da ke gaban ɗalibi ba ta ɗauke da tambayoyi. Tana karɓo su ne ta kebul daga babbar kwamfutar da ake kira sabar. Ƙofar da sabar ke magana da sauran ta cikinta ita ce katin sadarwa, wato ramin nan da ake soka kebul. Wayarka ma tana da irin waɗannan ƙofofi: Wi-Fi ɗaya, data ɗaya. Kowace ƙofa ta sabar tana da suna, da lambar MAC da aka ƙera ta da ita, da adireshin IP da ake ba ta.

Abin da na koya da wahala shi ne: daga ƙasa ake fara bincike, a hau sama mataki-mataki. Ga yadda muka bi a ranar, a kan sabar mai Ubuntu.

Mataki na farko: kebul da fitila

Kafin ka taɓa kowane saiti, duba ko fitilar ramin tana ci a jikin sabar da jikin suwic, akwatin da ke haɗa dukkan kebul ɗin ɗakin. Ɓera yana cin kebul, ƙurar hunturu tana cika rami, ɗan harshen robar da ke riƙe kan kebul yana karyewa. Umarnin ip link zai jera maka ƙofofin sabar, ethtool kuma zai gaya maka ko an ga kebul da kuma gudun da ake yi. A wurinmu fitila tana ci. Amma jerin ya nuna ƙofofi biyu, eno1 da enp3s0. Da na tambaya, Malam ya ce tsohon ramin ya mutu ne a makon da ya wuce, wani mai gyara ya sa sabon kati ya tafi.

Mataki na biyu: adireshi

Na buga ip addr. Sabon katin, enp3s0, ba shi da adireshin IPv4 ko ɗaya. Na je kan kwamfutar wani ɗalibi mai Windows na buga ipconfig, sai ga adireshi mai farawa da 169.254. Ka riƙe wannan lamba. Duk na'urar da ka gan ta da ita, ta nemi adireshi ne daga DHCP, mai raba adireshi a kan hanyar sadarwa, ba ta samu amsa ba, sai ta ba kanta. Kusan abin da ke faruwa ke nan idan wayarka ta tsaya tana ta juyi wajen neman adireshi a Wi-Fi.

A nan muka kama ɓarawon. Linux na zamani yana raɗa wa kati suna ne gwargwadon inda yake zaune a jikin na'ura: eno1 na nufin wanda aka haɗo da uwar allon, enp3s0 kuma na nuna gurbin da katin yake zaune a kan allon. Fayil ɗin saiti da ke cikin /etc/netplan har yanzu eno1 yake kira, haka ma manhajar DHCP. Sabar tana ta sauraro a ƙofar da ta mutu, ga sabuwar a buɗe babu kowa.

Mataki na uku: hanya

Bayan an gyara adireshi, sai a gwada ping daga kwamfutar ɗalibi zuwa sabar. Idan sabar na buƙatar fita intanet, ip route zai nuna ta wace rauta take bi. Sabar mai ƙofofi biyu, ɗaya ta ɗaki ɗaya ta waje, a ba ta hanyar fita guda ɗaya tak, in ba haka ba saƙo zai riƙa bin inda ba a aike shi ba.

Mataki na huɗu: suna

Idan ping 8.8.8.8 ya amsa amma google.com ya ƙi buɗewa, kada ka zargi kati. Matsalar DNS ce, mai fassara sunan shafi zuwa lamba.

Gyaran namu bai wuce layi biyu ba: canza eno1 zuwa enp3s0 a netplan da kuma a saitin DHCP. Sai dai kafin na taɓa fayil ɗin na kwafe shi gefe, sannan na yi amfani da netplan try maimakon netplan apply. Bambancin yana da girma. Na farkon yana jiran ka tabbatar, idan daƙiƙa 120 suka wuce ba ka amsa ba sai ya koma tsohon saiti da kansa. Wanda ke gyara sabar daga nesa ya san darajar wannan, domin kuskuren harafi ɗaya zai iya kulle shi a waje. Ba ƙananan wurare kaɗai abin ke samu ba. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida saboda kuskuren da aka yi wajen aiki a kan hanyoyin sadarwar kamfanin, har sai da injiniyoyi suka je wurin na'urorin da ƙafarsu.

Kafin la'asar ɗaliban sun zauna gwajinsu. Na rubuta wa Malam sunan katin, lambar MAC da adireshin sabar a takarda, muka manna a jikinta da salatif. Na kuma roƙe shi duk ranar da aka canza wani abu a sabar, a kunna ɗakin gaba ɗaya a gwada tun kafin ɗalibai su zo, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan kana sha'awar wannan fanni, ba sai ka mallaki sabar ba. Shiga saitin Wi-Fi na wayarka, danna sunan hanyar da kake kai, ka nemo adireshin IP ɗinka da na rautar da kake bi. Ranar da Wi-Fi ya ƙi aiki, bi su a jere: haɗi, adireshi, hanya, suna. Tambayoyin nan huɗu su ne dai ake yi wa sabar banki.