Imanan da Kurfai: Baƙon da Muke Jira Ba Daga Turai Zai Zo Ba

Tun ranar 9 ga Agustan 2020, da 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a dajin raƙuman dawa na Kure, shida Faransawa ma'aikatan agaji, biyu 'yan Nijar, direba da ɗan jagora, magana ɗaya ake ji a fada da tasha: yawon buɗe ido ya mutu a ƙasar nan. Faransa ta shafa wa taswirar Nijar jan launi in ban da Yamai, motocin da ke kai baƙi suka koma neman wani aiki. Yau in ka ce wa mutum akwai abin gani a Imanan ko a ƙasar Kurfai, sai ya tambaye ka ko lafiyarka ƙalau.

Tsoron gaskiya ne. Jihar Tilaberi, inda wuraren nan suke, na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, an hana hawa babur a sassanta a watan Janairun 2020, kuma a watan nan ne aka kashe sojoji 89 a Shinagodar, kusa da iyakar Mali. Ba na ce wa kowa ya ɗaura kaya gobe ya kama hanya ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tunani biyu da ke lulluɓe cikin wannan magana ta mutuwa: wai mai yawon buɗe ido shi ne Bature mai na'urar ɗaukar hoto a wuya, kuma wai masauki shi ne otal mai na'urar sanyaya ɗaki. Wannan tunani ya girmi bindigogin. Lokacin da hanya take lafiya lau, mutum nawa ne daga Yamai suka taɓa zuwa Filinge, tafiyar kilomita kusan 180, in ba ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa ta kai su ba?

Matasanmu na tura wa juna hotunan masaukai masu ban mamaki na wasu ƙasashe. A arewacin Suwidin akwai otal da ake ginawa da ƙanƙarar kogi kowane hunturu, in zafi ya zo ya narke ya koma kogin. A Kapadokiya ta Turkiyya baƙi na kwana cikin ɗakunan da aka sassaƙa a jikin dutse. A Matmata ta Tunisiya cikin rami suke kwana, a gidajen da Barbarawa suka haƙa don gudun zafi. A Nairobi akwai wani gida da raƙuman dawa ke zuro kai ta taga lokacin karin kumallo, ana biyan kuɗi masu kauri don a zauna kusa da su. Duk cikinsu babu wanda ya yi aron komai daga waje. Mai ƙanƙara ƙanƙararsa ya sayar, mai dutse dutsensa. Mu ma Agadas ta taɓa nuna mana haka, inda gidan ƙasa da aka sani da fadar Kawsan, daura da babban masallaci, ya zama otal.

To me Imanan take da shi? Abu na farko shi ne ƙasar da take zaune a kai. Wanda ya baro Yamai ta hanyar Baleyara yakan yi ta tafiya kan tudu mai marmara da guntayen sabara, sai kwatsam hanya ta gangara cikin wani kwari mai faɗi, ga goruba, ga gawo, ga lambuna, ga jajayen duwatsu sun yi masa katanga daga gefe. Wannan shi ne Dallol Boso. Tsohon kogi ne. Dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara take da ciyawa da tafkuna, ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Azbin da na arewacin Mali yana biyowa ta Azawak, ya ratsa nan, ya faɗa kogin Kwara wajen Bumba. Da sama ta janye ruwanta, kogin ya daina gudu, rairayi ya cike kwarinsa. A shekarar 2004 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya da ake karewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Mutane da yawa ba sa gane yadda za a kira wurin da ba a ganin ruwa a samansa dausayi. Duk wanda ya tashi a bakin gulbi ya san amsar. Da rani gulbi yakan ƙafe, amma mata su je tsakiyar yashi su tona da ƙwarya, kafin a jima ruwa ya tsattsafo ya cika ramin. Dallol haka yake, sai dai shi gulbin faɗinsa kilomitoci ne, tsawonsa kuma ɗaruruwa. Yashin da ya cike shi yana shanye ruwan damina da ke kwararowa daga tuddai ta ƙoramu, ya ɓoye shi inda rana ba ta isa ta ƙone shi. Shi ya sa a cikin kwarin ake samun ruwa a rijiyar gaba biyu ko uku, alhali ƙauyen da ke kan tudu, tafiyar sa'a guda a ƙafa, sai ya haƙa gaba ashirin ko fiye. Wannan ruwa ne ya kawo gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, gawon kuma shi ke sauko da raƙuman dawa daga tudun Kure zuwa cikin Dallol idan ciyawa ta bushe. Su ne irinsu na ƙarshe da suka rage a Afirka ta Yamma. A 1996 ba su wuce 49 ba, kafin harin Kure sun haura 600, kuma wasunsu kan hauro arewa har wajejen Fandu. Abin da ake biyan dala a gani ta taga a Kenya, manomin Dallol yana korar sa daga gonar wake.

Bonkuku, hedkwatar Imanan, kan wannan ruwa take ci. Da an girbe hatsi sai a koma lambu, kuma dankalin Turawan da ake soyawa a gidajen Yamai cikin sanyi, da yawansa daga nan ake loda shi. Wanda ya zo tsakanin Disamba da Fabrairu zai tarar da kwari kore a tsakiyar ƙasar da ta yi fari fat, injinan ban-ruwa na ƙara, ana cika buhuna. Zai kuma ji kukan manoman: kowa lokaci guda yake haƙa, wurin ajiya ya yi kaɗan, farashi ya faɗi. Mutanen ma abin sani ne. Sarautar Imanan ta Abzinawa ce da suka sauko kwarin suka zauna tun kafin zuwan Turawa, suka kama noma, suka cuɗanya da Zabarmawa da Hausawa da Fulani, har kasuwa ɗaya takan ci da harshe uku ko huɗu. Wani masani Bafaranshe, Henri Guillaume, ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1974. Ɗalibanmu nawa suka taɓa jin labarinsa?

Gaba da Filinge kaɗan akwai Tukunus, tashar binciken kiwo da ke nan tun 1954, inda aka daɗe ana tace irin shanun Azawak, jajayen nan masu duhun baki da ƙafafu waɗanda suka yi suna wajen nono. Matan yankin na yin cuku da madararsu. Ɗan makarantar da ke karanta kimiyyar gado a allo zai fi fahimtar ta in ya tsaya yini ɗaya a bakin wannan garke.

Sai tarihi, wanda a nan ne sakacinmu ya fi muni. A 1925, a ƙauyen Shikal na Kurfai, wata mata mai suna Shibo ta fara wani sabon bori wanda aljanunsa ke kwaikwayon sojoji da hafsoshin Faransa. Su ne Hauka, ko Babule. Mabiyansu suka bijire wa sarkin da Turawa ke mara wa baya, Gado Namalaya, suka ƙi haraji da aikin tilas. Kwamandan Yamai na lokacin, Croccichia, ya sa aka kama su aka tsare, daga baya shi kansa ya shiga sahun aljanun da sunan Kwamandan Mugu. 'Yan cin rani suka tafi da abin har Akra, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous, wanda aka fara nunawa a 1955, har yau kuma ake koyar da shi a jami'o'in Turai da Amurka. Mutum na iya ƙin bori, wannan tsakaninsa da imaninsa ne. Amma wannan ɗaya ne daga cikin turjiyar talakawa ga mulkin mallaka a ƙasarmu, kuma a Kurfai ta faro. A kudu kuma, a ƙasar Tondikanja, akwai Fandu, mahaifar Janar Seyni Kunce, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, a can kuma aka binne shi.

Za a ce to ina baƙo zai kwana? Tambayar tana ba ni takaici, domin ƙasar nan ba ta taɓa rasa masauki ba. Je ka Baleyara ranar jajibirin kasuwar Lahadi. Makiyayi ya koro shanu daga nesa, ba ya neman otal, gidan dillalinsa yake nufa. Dillalin ne zai ba shi tabarma da ruwa da tuwo, ya ɗaure masa dabbobi, gobe ya tsaya masa a ciniki, ya kuma shaida wa mai saye cewa saniyar ba ta sata ba ce. La'adar da zai samu ita ce kuɗin ɗaki. Wannan tsari na maigida shi ne ya riƙe fataken goro a hanyar Gwanja, shi ne ya karɓi Kurfayawa a zangon Kumasi da na Akra. Cikinsa akwai abin da otal ba ya iya bayarwa: baƙo ba ya zama marar asali. Akwai wanda ya san daga inda ya fito, wanda zai kai shi gaisuwa wurin mai gari, wanda zai ce masa kada ka bi hanyar can yau. A zamanin da baƙuwar fuska ke sa gaban mutane faɗuwa, har wasu na tsoron buɗe zaurensu don kada a zarge su, irin wannan shaidar ta fi kowane lokaci amfani. Ita ya kamata a raya, a rubuta sunayen masu masauki a ofishin magajin gari, jami'an tsaro su san su, baƙo ya biya abin da aka tsayar ba tare da kunya ba.

Idan kuma za a yi gini, don Allah a dube shi da idon wurin. Ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu azaba ne, sai an kunna inji kafin a iya barci. Katangar laka mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ba ta sake shi sai dare ya yi, lokacin da mutane sun riga sun fito tsakar gida. Rumfar zana da shimfiɗar tabarmar kaba, kunun gero da cuku da safe, wannan ne ɗan birni ba shi da shi a gidansa. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi, wato masai. Inda ruwa yake gaba biyu ƙarƙashin ƙafa, ramin da aka haƙa barkatai kusa da rijiya zai mayar da ƙazanta cikin ruwan sha, kamar yadda maganin ƙwari da ake zabgawa a lambuna ke yi tun yanzu. Dole ramin ya zama ginanne, nesa da rijiya.

Jami'anmu, duk lokacin da aka zo maganar yawon buɗe ido, idonsu na kan filin jirgin sama. Lissafinsu na baƙin waje ne, bukukuwansu Ingal da Iferwan. Waɗannan wurare sun cancanta, amma tsaro in ya dawo, ba Bature ne zai fara shigowa Dallol ba. Malamin makaranta ne daga Yamai da motar ɗalibai, ɗan kasuwar Maraɗi, jikan Bakurfaye da aka haifa a Gana bai taɓa ganin garin kakansa ba. Kuma akwai aikin da ba ya jiran rakiyar soja ko kuɗin wata ƙungiya. Tsofaffin Shikal da suka ji labarin Babule daga bakin iyayensu suna ƙarewa, haka dattawan Bonkuku da suka san yadda aka kafa kowane ƙauye da wanda ya haƙa kowace tsohuwar rijiya. Malaman makarantun yankin da gidajen rediyon karkara suna kusa da su, waya ɗaya ta isa ɗaukar murya. Hukumomin Imanan da Filinge na iya sa a fara wannan a ranin bana.