Jinya A Waje: Yadda Mai Iznin Zama Na Dindindin A Amurka Zai Tsare Matsayinsa

Lafiya uwar jiki, in ji masu iya magana, kuma cuta ba ta yin sallama. Daga cikin 'yan Nijeriya da ke zaune a Amurka da iznin zama na dindindin, watau takardar nan da a ke kira koren kati, akwai wanda zai zo gida ganin dangi na wata guda, sai ciwo ya kwantar da shi. Akwai kuma wanda tsadar asibiti a can za ta sa ya dawo jinya cikin 'yan'uwa. Kafin ya warware, shekara ta zagayo. To, a nan ne wata matsala ke tasowa, domin iznin da ya sha wahala kafin ya samu ya na iya kuɓuce masa.

Dokar Amurka ta ba da wannan izni ne ga wanda ya mai da ƙasar mazauninsa. Saboda haka akwai wa'adi biyu da ya kamata kowa ya riƙe. Na farko kwana 180. Tun daga gyaran dokar shige da fice na 1996, wanda ya wuce haka a waje, idan ya dawo, a na ɗaukarsa kamar mai neman a shigar da shi, kuma ma'aikatan filin jirgi na da ikon tsananta masa tambaya. Na biyu shekara guda. Da zarar ta cika, katin shi kaɗai bai isa ya shigar da mutum ƙasar ba.

Rigakafi dai ya fi magani. Wanda ya san jinyarsa za ta ɗauki lokaci, sai ya nemi takardar iznin sake shiga kafin ya tashi, ta hanyar cika fam mai lamba I-131. Tilas ne ya shigar da takardun ya na cikin Amurka, ya kuma je a ɗauki hoton yatsunsa idan an kira shi. Bayan haka ya na iya roƙon a aika masa da takardar ofishin jakadancin ƙasar da ya ke. Wa'adinta bai wuce shekara 2 ba, kuma ba a ƙara shi daga waje, sai dai mutum ya koma ya nemi sabuwa.

Wanda kuwa ciwo ya auka wa ba zato, har ya wuce shekara guda ko wa'adin takardarsa ya ƙare, akwai bizar mazaunin da ke komawa, mai lamba SB-1. A na nemanta da fam DS-117, kuma a Nijeriya ƙaramin ofishin jakadancin Amurka na Ikko ne ke kula da bizar zama. Abu uku a ke so mai nema ya tabbatar: ya na da iznin zama lokacin da ya fita, ya fita da niyyar komawa bai kuma sauya niyyar ba, sannan abin da ya tsare shi ya fi ƙarfinsa. Rashin lafiya mai hana tafiya na cikin dalilan da a ke karɓa. Idan an amince, sai ya bi matakan bizar zama daga farko, har da gwajin likita da biyan kuɗi. A na shawartar mutum ya nema aƙalla wata 3 kafin ranar tafiyarsa.

Sai dai fatar baki ba ta wadatarwa. Jami'i zai so ya ga takardun asibiti masu ɗauke da ranar kwanciya da ranar sallama, da wasiƙar likita da ta ce mara lafiya ba zai iya doguwar tafiya a jirgi ba. Zai kuma duba ko igiyar da ta ɗaure mutum da Amurka na nan: gidan haya ko na kansa, asusun banki, iyali, takardar hutun jinya daga wurin aiki, da tikitin komawa. Haraji ma babbar shaida ce. Mai koren kati wajibi ne ya ci gaba da bayyana kuɗin shigarsa ga hukumar harajin Amurka ko ya na waje, kuma wanda ya cika takarda a matsayin wanda ba mazauni ba, ya ba da shaida a kan kansa.

Wata shari'a ta 1986 ta isa darasi. Wata mata 'yar Meziko ta koma gida jinyar mahaifiyarta, amma bayan an daina bukatarta wajen jinyar, sai ta ci gaba da zama shekaru, har ta yi aure a can. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce ta yar da matsayinta. Abin da a ke dubawa shi ne niyyar komawa da ba ta yanke ba tun daga fita. Saboda haka da zarar likita ya ce an iya tafiya, sai a kama hanya.

Idan mutum ya isa filin jirgi aka ce ya daɗe a waje, a na iya miƙa masa fam I-407, wanda sa hannu a kai na nufin ya sallama izninsa da kansa. Ba dole ba ne ya sa. Ya na da damar neman a kai shi gaban alƙalin shige da fice, kuma a can gwamnati ce za ta kawo hujja ƙwaƙƙwara cewa ya yar da zamansa. Mai burin zama ɗan ƙasa kuma ya sani, fita ta sama da wata 6 na iya katse masa lissafin shekara 5 da a ke bukata, ta shekara guda kuwa na katse shi, ko da ya na riƙe da takardar sake shiga.

Kada kuma a dogara ga cewa ƙofar biza a buɗe ta ke kullum. A 2020 gwamnatin Amurka ta tsai da ba 'yan Nijeriya bizar zama, aka ɗage hanin a 2021, sannan a Disamba 2025 aka sake sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza. A duka biyun an keɓe masu koren kati, abin da ke nuna darajar komawa cikin wa'adi.

Sauran ƙasashe ma na da nasu ma'auni. A Ingila iznin zama mara wa'adi na faɗuwa idan aka yi fiye da shekara 2 a jere a waje, a Kanada kuwa a na so mutum ya zauna kwana 730 cikin kowace shekara 5.

Muna kira ga masu jinya, tun da mara lafiya ba ya iya bin takarda, su riƙa adana kowace takardar asibiti, su lura da ranar da ya baro Amurka, su kuma nemi shawarar lauyan da ya san dokar shige da fice tun wa'adi bai cika ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.