Muhammad Ali: ɗan damben ƙafa ne ko mai jiran kuskure?

A Gaweye, cikin Yamai, kusa da gadar Kennedy, kokawa ce ta fi cika bakin masu hira a fada, musamman in lokacin gasar takobi ya matso. Amma Yamai ba baƙuwar damben zamani ba ce. Issaka Dabore ne ya kawo wa Nijar lambar Olamfik ta farko, tagulla, a Munich a 1972, kuma sai a 2016 Abdoul Razak Alfaga ya ƙara ta biyu a taekwondo. Shi ya sa in ana shan shayi aka ambaci Muhammad Ali, ba a rasa masu gardama a kan tambaya ɗaya: wane irin ɗan dambe ne shi?

Masana boksin sun saba raba ƴan dambe gida-gida. Akwai mai faɗa daga nesa, wanda ke zagaya fili yana tsikarin abokin karawa da hannun gaba. Akwai mai shiga jiki kamar Joe Frazier, wanda ba ya barin mutum ya numfasa, da mai nauyin hannu irin George Foreman. Akwai kuma mai martani, wanda ke sa abokin faɗa ya kai naushi ya kuskure, sannan ya hukunta shi kafin ya maido hannunsa. Yawancin mutane a gida na farko suke ajiye Ali, domin abin da ido ya fi riƙewa shi ne rawar ƙafarsa. A ganina wannan ajiya ta bi ado ta bar ainihi. Ali mai martani ne tun farko har ƙarshe, ƙafa kuwa kayan aiki ce da ya yi amfani da ita lokacin da take hannunsa.

A duba shekarun ƙuruciyar, inda masu cewa ɗan ƙafa ne suka fi ƙarfin hujja. Me ya sa mutum mai tsawon santimita 191 zai sauke hannuwansa ƙasa, ya bar fuska a buɗe, abin da kowane mai horarwa ke hana yaransa? Tarko ne. Yana nuna haɓa, a kawo naushi, ya janye kai baya kaɗan, damansa ta biyo ta saman hannun da ya miƙe. Haka ya kayar da Sonny Liston a turmin farko na karawarsu ta biyu a watan Mayun 1965: Liston ya miƙo hagu, Ali ya kauce, dama ta sauka da saurin da ya sa ƴan kallo da yawa suka ce ba su gan ta ba. Har rauninsa ma shaida ne. Sonny Banks a 1962, Henry Cooper a 1963 da Frazier a 1971 dukansu da lanƙwasasshen naushin hagu suka kai shi ƙasa, domin mai janye kai baya yana tsere wa naushin da ya zo a miƙe, amma wanda ya zagayo ta gefe yana iya cim masa.

Za a ce ai mai martani jira yake yi, Ali kuwa shi ke fara kai hannu, ba ya daina tsikari da hagu. Wannan magana tana da nauyi, sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan damben gargajiya ya san amsarta. Ɗan dambe yakan miƙa buɗaɗɗen hannunsa, garkuwa, yana auna tazara, yana tsokanar abokin karawa ya motsa, alhali kisan yana naɗe a ɗaya hannun. Aikin da hagun Ali ke yi ke nan: tana fusata mutum, tana kumbura masa ido, har ya gaji da haƙuri ya afko. Jiransa ba na zaune ba ne, shi ke haddasa kuskuren da yake jira.

Hujja mafi ƙarfi a kan ra'ayina ita ce ta masu cewa Ali biyu ne. An ƙwace kambunsa a 1967 saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, bai sake hawa fili ba sai Oktoban 1970, kuma wanda ya dawo ba ya iya rawa turmi goma sha biyar. Saboda haka, in ji su, salo biyu ne, kowanne da gidansa. Amma faɗansa da Foreman a Kinshasa ya rushe wannan rabo. Ranar 30 ga Oktoban 1974 Ali yana da shekara 32, Foreman yana da 25, ya ci faɗa 40 ba a taɓa doke shi ba, 37 daga ciki da kisa. Ali ya buɗe turmin farko da dama kai tsaye, wadda ta harzuƙa Foreman, sannan ya jingina da igiya ya rufe fuska. Wanda ya ce duka kawai ya sha a wurin bai kalli faɗan da kyau ba: duk sanda Foreman ya buɗe hannu, naushi biyu ko uku na sauka a fuskarsa, in abin ya yi zafi Ali ya danne masa wuya ya bar shi yana ɗaukar nauyinsa. A turmi na takwas Foreman ya faɗi. Da, tazara ce ke cinye naushin abokin faɗa. Yanzu igiya da damatsa da haƙarƙari ne ke cinye shi. Hukuncin da ke biyo baya bai sauya ba.

Gaskiya ne akwai daren da bai shiga wannan ma'auni da sauƙi ba. A Manila a 1975 shi da Frazier musayar wuta suka yi, har Eddie Futch, mai horar da Frazier, ya hana shi fitowa turmi na goma sha biyar. Mai shiga jiki irin Frazier yakan tilasta wa kowa yin faɗan da bai zaɓa ba, kuma dare ɗaya ba ya bayyana faɗa 61.

Yadda ƙarshensa ya zo ya fi komai nuna inda ƙarfinsa yake. Da ƙafa ce jarinsa, da ya ƙare tun 1970, amma bayan ta rage gudu ya sake ɗaukar kambun duniya har sau biyu, a 1974 da 1978. Abin da ya ƙare a hannun Larry Holmes a Las Vegas a 1980 shi ne martanin: ƙofa na buɗewa, damar ba ta fita, turmi bayan turmi, har mai horar da Ali, Angelo Dundee, ya tsayar da faɗan bayan na goma.