Takalmin ninƙaya: wanne za ka saya idan sai ka yi tafiyar ƙasa kafin ka isa ruwa?

Duk mai kallon bidiyon masu nutso a TikTok ko YouTube ya san wannan takalmi mai faɗi kamar ƙafar agwagwa. Yanzu ana samunsa a Jumia da Jiji da AliExpress, kuma matasan da ke zaune kusa da dam ɗin Goronyo, ko bakin gulbin Rima a Wurno, ko gulbin Sakkwato a Rabah, suna iya yin odarsa daga waya. Sai dai wanda ya fi kyau a hoto ba lallai ne ya dace da gulbinmu ba. Masu nutson da kake gani a bidiyo daga jirgi suke faɗawa cikin ruwa mai haske. A nan kuwa sai ka ratsa laka da tsakuwa da ƙaya, wani lokaci har da fasasshiyar kwalba, kafin ruwa ya kai maka ƙugu.

Ba don tafiya aka yi shi ba

Wani jami'in sojan ruwan Faransa, Louis de Corlieu, shi ya yi wa irin na zamani rajista a 1933. Aikinsa ɗaya ne: ya ƙara wa ƙafa faɗi don ta tura ruwa mai yawa a kowane bugu. Wannan faɗin ne yake zama matsala a tudu. Idan ka ɗaga ƙafa, bakin takalmin yakan kafe a ƙasa ko ya nutse a laka, sai mutum ya faɗi ta fuska. Saboda haka abin da ya kamata ka nema shi ne wanda za ka iya riƙewa a hannu ka taka zuwa ruwa lafiya, ka sa shi cikin sauri, ka cire cikin sauri.

Iri biyu ne a kasuwa

Na farko mai rufaffen dunduniya ne, ana zura ƙafa tsirara kamar kambas. Ya fi araha da rashin nauyi, ya dace da wurin wanka na otal. Amma da ka cire shi, ba komai a ƙafarka.

Na biyu mai buɗaɗɗen dunduniya ne, da maɗauri a baya. Ana sa shi a kan wani ɗan takalmi mai taushi na robar niyofirin, mai kaurin milimita 3 ko 5. Wannan ɗan takalmin ne zai yi maka tafiyar. Nemi mai ƙarfin tafi, wanda ƙaya ba za ta huda ba. A yanayi irin namu, na milimita 3 ya wadatar. Wannan iri na biyu shi ya fi dacewa da bakin Rima.

Abubuwan dubawa kafin ka biya

Tsawo: dogayen da ake gani a ƙafar masu nutso da numfashi ɗaya sukan kusa mita guda. A ruwa marar zurfi da ciyayi, wahala kawai za su ba ka. Gajere ya fi. Akwai Force Fin, wanda bakinsa ya lanƙwasa sama, shi ya sa aka san shi da sauƙin takawa, sai dai yana da tsada.

Nauyi: Scubapro Jet Fin, wanda ake sayarwa tun 1965, baƙar roba ce mai ƙwari, amma nutsewa yake yi. Idan ya suɓuce a ruwan damina mai ja, ka yi asara. Zaɓi mai tasowa saman ruwa, mai launin rawaya ko ruwan goro.

Tauri: mai tauri sosai yana sa jijiyar ƙwauri ta ɗaure wa wanda bai saba ba, kuma wannan a tsakiyar gulbi ba ƙaramin haɗari ba ne. Fara da mai matsakaicin laushi.

Maɗauri: na sifirin ko na roba mai talewa ya fi mai ƙarfen ɗauri, domin da hannu ɗaya ake cire shi. Wannan yana da muhimmanci a ruwan da masunta ke shimfiɗa raga da ƙugiya. Haka ma masu tsage a tsakiya, igiya na iya shiga tsagin.

Girma: auna tafin ƙafarka da santimita, ka gwada da jadawalin mai sayarwa. Fara sayen ɗan takalmin ciki, sannan ka zaɓi na waje da zai ɗauke shi. Karanta ra'ayoyin waɗanda suka saya, ka dubi hotunan da suka ɗora da kansu, kuma ka tabbatar ana karɓar kaya idan bai yi daidai ba.

Yadda ake shiga ruwa da shi

Riƙe shi a hannu har ruwa ya kai ƙugu, ka dafa abokinka, ka sa ɗaya bayan ɗaya. Idan dole ka taka da shi a ƙafa, yi baya-baya ko gefe-gefe, kana jan ƙafa a hankali. Wajen fita ma cire shi tun kana cikin ruwa.

Abin da ba zai yi maka ba

Takalmin ninƙaya ba ya hana nutsewa. Gudu kawai yake ƙarawa ga wanda ya riga ya iya ruwa. Kifewar jirgin da ya ɗauko mutane zuwa kasuwar Goronyo a watan Agustan 2025 ta nuna cewa abin da matafiyin ruwa ya fi buƙata shi ne rigar kariya. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, ita za ka fara saya.

Kada ka kusanci ƙofofin dam ɗin Goronyo, domin idan aka saki ruwa ƙarfinsa ya wuce na kowane takalmi. Kada ka shiga kai kaɗai. Tambayi Sarkawa da masuntan wurin inda rami yake da inda aka kafa raga. Kuma ka tuna ƙwayar tsargiya ta fata take shiga, takalmi ba ya tare ta. Idan ka ga jini a fitsari bayan ka yi mu'amala da ruwan gulbi, je asibiti, akwai magani.