Hasashen Makomar Jaririn da Ya Rasa Iska Yayin Haihuwa

Idan jariri ya rasa isasshiyar iskar oksijin yayin haihuwa, kamar yadda yakan faru a doguwar naƙuda ko idan mabiyiya ta ɓalle kafin lokacinta, ƙwaƙwalwarsa kan samu rauni, kuma tambayar da ke hana iyaye barci ita ce ko zai rayu, in ya rayu kuma ko zai tashi da shanyewar gaɓoɓi ko farfaɗiya.

Ma'aunin Apgar, wanda ke duba numfashi da bugun zuciya da launin fata a mintunan farko, bai isa shi kaɗai ba. A shekarar 1976 ne Harvey da Margaret Sarnat suka kasa raunin mataki uku bisa kuzarin jariri da ƙarfin jikinsa da tsotsonsa. Masu rauni mai sauƙi galibi sukan warware, masu rauni mai tsanani, waɗanda ba sa farkawa, yawancinsu kan rasu ko su nakasa, amma mataki na tsakiya shi ne mai wuyar sha'ani, domin makomarsa na iya karkata ko'ina.

A nan ake neman taimakon na'urar da ke auna motsin lantarki na ƙwaƙwalwa, wadda idan ta ci gaba da nuna rauni har bayan awa 48 ake fargabar sakamako mai muni, da kuma hoton MRI, wanda ke bayyana lahani a can tsakiyar ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa motsi. Abin takaici, asibitocin da suka fi karɓar irin waɗannan jarirai, har da na ƙasar Hausa, su ne suka fi ƙarancin waɗannan na'urori.