Ziyarar Tsoho Ba Ajiye Ambulan Ba Ce

Mai karatu, ko ka lura da yadda ziyarar 'yan boko ga tsofaffinsu ta koma? A tsayar da mota a ƙofar gida, a durƙusa a gaisa, a tambayi jiki, a cusa ambulan ƙarƙashin tabarma, sai kuma, "Baba, za mu koma, gobe akwai aiki." Duka-duka minti goma sha biyar, rabinsu ido na kan wayar salula. Tsohon da ya kwana biyu yana zuba ido ko gyaran murya bai gama ba.

Ni ɗalibin harshe ne, don haka ta wannan fuska nake kallon asarar. Ƙamusun da Bargery ya fitar a 1934 daga bakin mutane ya tattaro shi, yana zagaya ƙasar Hausa. Kalmomi da dama na cikinsa in na karanta wa ɗalibaina sai su yi zuru, alhali gwaggona, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, da su take hira. Duk wanda ya yi ciniki kafin zuwan naira a 1973 ya san anini da ahu da taro da sisi da sule, ya kuma san abin da kowanne ke saye. Wa zai gaya wa 'ya'yanmu, in ba shi ba?

Amma fa tsoho ba ya buɗe baki don an ce masa, "Ba mu labarin da." Tambaya ƙarama ce ke warware shi. "Gwaggo, wa ya yi miki kitson biki?" "Baba, a ƙafa kuka je Kano ko a jirgin ƙasa?" Daga nan sai ka kama bakinka. In jinsa ya yi rauni, ka matso, ka fuskance shi, ka sassauta magana. Ihu ba ya ƙara masa komai sai jin kunya. In ya maimaita labari, kada ka ce ya taɓa faɗa, domin sau da yawa a karo na uku ne sunan wani kaka ko wata unguwa ke faɗowa.

A je da yara kuma, ba a bar su cikin mota ba. Al'ada ta ba jika damar wasa da kakansa, har yarinya ta kira shi mijinta, kuma abin da kunya ta hana tsoho gaya wa ɗansa na fari, cikin wannan wasa yake sakinsa.