Kafin a Sauke Inji: Ciwon A-kori-kura Mai Dizal a Ƙasar Yauri

Na taɓa iske wata a-kori-kura a gefen titi tsakanin Yelwa da Koko, shaƙe da buhunan albasa, rana na dukan ta. Direba ya murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa amma ya ƙi kamawa. Kafin bakanike ya iso, 'yan kallo sun gama yanke hukunci: wannan ya ce injekta ce, wancan ya ce inji ya buga, sai dai a sauke. Da bakaniken, wani dattijo, ya zo, ko sifana bai ɗauka ba. Tambaya ya fara yi. "Malam direba, a ina ka sha mai yau? Farat ɗaya ta mutu, ko sai da ta fara shessheƙa?" Direba ya ce, "Wallahi Baba, a jarka na saya, kuma tun daga Birnin Yauri take fizga." Dattijo ya sa yaronsa ya sassauta 'yar ƙusar da ke gindin filtar mai, ya tara gorar roba. Abin da ya zubo ya rabu gida biyu a gaban kowa: mai a sama, ruwa a ƙasa. Aka tsiyaye tanki, aka sauya filta, yaro ya yi ta danna ɗan famfon hannu har kumfa ta daina fitowa. Inji ya kama.

Da an bi maganar 'yan kallo, da an kwance injin da lafiyarsa ƙalau, albasa ta ruɓe, jarin mutum biyu ko uku ya bi ruwa. Sau da yawa ba lalacewar ce ke karya mai mota ba, gyaran cinke ne.

A wannan yanki, mota mai buɗaɗɗen baya ba kayan ƙawa ba ce. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafki ya haɗiye tsibirai da gonaki, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni, Gungawa da maƙwabtansu. Kifin da ake bandawa a tungayen bakin ruwa, da albasa da shinkafar fadamun Yauri, Ngaski da Shanga, dole su bi hanyoyin ƙasa kafin su hau babban titin Kontagora zuwa Jega. A-kori-kura ce ke wannan jigila. Idan ta kwanta a hanyar Wara ko mashigar Zamare, ba direba kaɗai ke kwana da yunwa ba.

Mai son gane ciwon injin dizal, sai ya fara sanin abin da ya raba shi da na fetur. Injin fetur da tartsatsin fulogi yake kunna mai. Na dizal kuwa, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya yi nasarar tayarwa a 1897, ba ya buƙatar tartsatsi. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har zafinta ya haura digiri 500, sai injekta ta fesa mai kamar hazo, ya kama da kansa. Ke nan abu uku ne rayuwarsa: iska mai tsabta, mai mai tsabta da ya zo a kan lokaci, da matsi mai ƙarfi. Duk wata matsalar ƙin tashi ko rashin ƙarfi, idan batir da kik suna juya inji yadda ya kamata, a ɗayan ukun nan take. Bakaniken kirki yana bin su ɗaya bayan ɗaya, daga mai arha zuwa mai tsada.

Salansa ce shaida ta farko. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa: filtar iska ta toshe, turbo ya yi sanyi, ko nozul yana ɗigo maimakon feshi. Shuɗin hayaƙi alama ce ta baƙin mai yana ƙonewa, ringi sun cinye ko turbo yana yoyo. Farin hayaƙi iri biyu ne. Wanda ke yaji a ido da warin dizal, mai ne da bai ƙone ba, kuma da asubar hunturu galibi hita ce ta mutu. Wanda yake kamar tururi, ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ga ruwan lagireto yana raguwa, to gasket ya ƙone. A zaro sandar awon baƙin mai a duba: idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, kada a ƙara ko taku ɗaya.

A bakin tafki, ruwa ne babban abokin gaba, kuma ta ƙofa biyu yake shigowa. Ta farko ita ce tanki. Man jarka da na duro da ya kwana a waje yana tara ruwa da laka, wani kuma an gauraya shi da kananzir. Famfon injekta da man da ke ratsa shi yake samun santsi. Kananzir ba shi da wannan santsi, ruwa kuma tsatsa yake haifarwa. Arhar jarka ta yau, a wurin mai gyaran famfo ake biyan ta gobe. Shi ya sa fitilar ruwan filta da ke kunnawa a gaban direba ba ado ba ce: a tsaya a tsiyaye.

Ƙofa ta biyu ta fi muni. Kogin Kwara a nan sau biyu yake cika a shekara: da ruwan daminarmu, sannan da ruwan da ke gangarowa daga ƙasashen Gini da Mali, wanda ke isowa cikin rani. Saboda haka direban fadama yana yawan cin karo da ruwa kwance a hanya. Idan bakin shaƙar iska ya nutse, inji ya kurɓi ruwa, fistin zai zo ya matse abin da ba ya matsuwa. A injin dizal, sararin da ke saura a saman fistin ƙanƙane ne, ruwan da bai cika kofin shayi ba ya isa ya lanƙwasa sandar fistin. Don haka motar da ta mutu a tsakiyar ruwa, kada a yi mata kik, kada a tura ta a giya. A jawo ta waje, a duba filtar iska. In ta jiƙe, a cire hita ko injekta, a juya inji ruwa ya fita, a sauya baƙin mai. Murɗa makulli sau ɗaya cikin ruɗewa shi ne bambancin aikin yini guda da sayen wani inji a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano.

Ruwa na janyewa, sai ƙura ta karɓa. Hazon hunturu da jar ƙasar hanya suna cika filtar iska, mota ta rasa ƙarfi. Wasu sai su huda filtar ko su cire ta, su ji mota ta saki jiki. Amma yashin da ya wuce yana goge ringi da bangon silinda kamar dutsen wasa wuƙa, matsi ya zube, a wayi gari mota ba ta tashi sai an tura. Kafin a ce ringi ne, akwai gwaji: na'urar awon matsi za ta nuna silindar da ta gaza. Haka ma zafin inji. Cire tamostat da ɗura ruwan tafki mai laka a lagireto ba ya maganin zafi, toshe hanyoyin ruwa yake yi. A duba fambel, fanka da murfin lagireto, kuma kada a buɗe murfin nan inji na tafasa.

Akwai kuma sauyin zamani. Toyota Hilux, wadda ta fara fitowa a 1968, shekarar da Kainji ta tsaya da ƙafarta, ta daɗe da injuna irin 5L masu famfon da bakanike ke saitawa da hannu da kunne. Na baya-bayan nan, irin 2KD da 2GD, kwamfuta ce ke ba su mai, da ƙarfin da ya ninka iskar taya fiye da sau 500. Ƙwayar datti da ido ba ya gani tana iya kashe injektarsu, kuma man da ke tsartuwa daga bututun da ya tsage yana iya huda fata, don haka ba a lalubar yoyo da hannu. Irin waɗannan, sai an jona na'ura ta karanto abin da kwamfutar ta rubuta. Ko ita ma hanya take nunawa. Mutum ne zai bi waya da bututu ya tabbatar.

A nan ne nake ganin buƙata ta gaske. Kanikawanmu suna da kunne da hannu da haƙuri, abin da suka rasa kayan awo ne da horo a kan sababbin injuna. Ƙungiyoyin direbobi da na kanikawa a Yelwa da Wara za su iya haɗa kuɗi su mallaki na'urar karanta kwamfuta da ta awon matsi, ƙananan hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga kuma su ɗauki nauyin horar da yaran gareji. Shi kuwa mai mota, nasa bai fi ƙarfinsa ba: mai daga wurin da ya amince, filta a kan kari, da kallon salansa kowace safiya.

Dattijon nan bai zubar da gorar ba. Miƙa wa direba ya yi, ya ce, "Ɗana, ajiye ta a mota. Duk inda za ka sha mai, fara zuba kaɗan a ciki, ka jira ya kwanta."